Babban Yatsan Iya Mai Shara

Shekara ashirin da uku Iya ta yi tana sharar sashen yara a asibitinmu. Ni kuwa mai yankar kati ce, ta tagata nake kallonta. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma wallahi ta fi wasu masu farar riga sanin tamowa, ciwon nan na rashin abinci mai gina jiki.

Tana da wata ɗabi'a. In ta zo share ƙarƙashin bencin masu jiran layi, sai ta ce, "'Yata, ɗaga ƙafa," ta kama ƙafar yaron da ke cinya ta danna da babban yatsa. In wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, to ba ƙiba ba ce, ruwa ne, yunwa ta ci jiki. Ɗanta na fari haka ya tafi, ana ta yaba kumatunsa.

Ranar nan aka kawo wata yarinya sumul-sumul. Mai awo ya ɗora ta a sikeli ya ce nauyi ya cika, a ba ta maganin zazzaɓi su koma gida. Kakarta har da murna. Iya ta danna ƙafar, rami ya zauna.

"Malam, yarinyar nan gado take so."

"Iya, tsintsiyarki na jiranki."

Ai kuwa ta yar da tsintsiyar, ta saɓi yarinyar sai ofishin likita, ko sallama babu. Likita ya duba, nan take ya ce a kwantar da ita. Mako uku ana ba ta madara cokali-cokali, ta tashi.

To me aka saka wa Iya da shi? Takardar gargaɗi! Wai mai shara ta taɓa majiyyaci. An mayar da ita sharar wurin ajiye motoci. Ka ji zalunci, don Allah! Shi kuwa mai awo yana nan daram a kujerarsa.

Jiya aka sallami wani yaro mai manyan kumatu, ƙafafunsa har sheƙi suke. Uwarsa ta biyo ta tagata tana ta godiya. Na kalli ƙafafun, na tuna ina da 'ya'ya huɗu da aikin nan ke ciyarwa.

Na ce mata, "Allah ya ƙara sauƙi."