Lahiya Lau Ta Ce Wa Alƙali

Ina yi wa edita da masu karatu sallama. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don wasu daga cikin waɗanda zan yi magana a kansu suna raye. A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ina sana'ar turara shinkafa, in shanya, in kai inji, in sayar. Muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato a wancan zamani, kome ƙanƙantar magana ta hukuma sai an hau mota an nufi can. Tun ina yarinya an san ni da rashin yarda da mutum da wuri. Ko gaisuwa aka yi mini da fara'ar da ta wuce kima, sai na tsaya na ga abin da zai biyo baya.

Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. A waje ba wanda ya kai shi faran-faran da jama'a, amma ni na zauna a gidansa kafin a yi mini aure, na san abin da katanga ta ɓoye. Matarsa 'yar wani ƙauye ce kusa da Zauro, shiru-shiru, ba ta da hayaniya. Duka take sha a kan gishiri ya yi yawa, a kan ta daɗe wurin ɗebo ruwa, wani lokaci ma ba a kan komai ba. Ya taɓa fitar mata da haƙori, ta ce wa maƙwabta zamewa ta yi a bakin rijiya. Wata la'asar bayan girbi tana daka, ya shigo ya shaƙe ta a jikin rumbu har idanunta suka firfito. Ta samu ta kuɓuce, ya sake yo kanta, ta ɗaga taɓarya ta buga masa sau ɗaya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ina jego aka yi shari'ar, maigidana ne ya je ya dawo ya ba ni labari. Alƙali ya sa tafinta ya tambaye ta yadda zamansu yake da mijinta. Ta ɗaga ido, sai ga surukarta da baffan mijinta zaune a layin gaba suna kallonta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lahiya lau, sai alheri." Duk macen da ta tashi a ƙasarmu ta san wannan ba amsa ba ce, kunya ce. Ko wuta ke cin zanenki, in aka tambaye ki a gaban surukai haka za ki ce. Amma tafinta ya juya ta zuwa Turanci yadda ta fito, aka rubuta cewa da bakinta ta ce ba abin da ya taɓa haɗa su. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

Shekaru suka shuɗe, ba mai ambatonta a danginmu. Sai wata gandiroba da ke sayen shinkafa a wurina ta fara jana da hira, har ranar da ta ce akwai wata a gidan yari da ke yawan tambayata, tana kuma tambayar 'ya'yanta. Nan take na ɗaure fuska. Na zaci tarko ne, wani a dangi ya turo ta ya ji inda zuciyata take. Sai da ta yi ta zuwa ban ga abin da take nema a wurina ba, sannan na bi ta. Na tarar da matar yayana ta rame, furfura ta fito mata tun ba ta kai ba. Tana ganina ta durƙusa tana neman gafara. Na yi kuka, don ɗan'uwana ne ya mutu kuma ina son sa, amma na san da ba ta ɗaga taɓaryar nan ba gawarta za a fitar. Gandirobar ce ta gaya mini akwai kwamiti a Sakkwato da ke duba irin wannan, ya kai wa gwamna sunayen waɗanda suka cancanci afuwa.

Da na je, jami'in da na samu ya dube ni sama da ƙasa. Ya tambaye ni ko da gaske ƙanwar mamacin ce ni, ya kuma tambayi abin da dangin matar suka yi mini alkawari. Ya ce maganata ba za ta ture abin da ita kanta ta faɗa a kotu ba, sai dai in babbar mai jini, wato uwar mamaci, za ta zo ta yi bayani ta kuma yafe. Kafin in dawo gida labari ya riga ni isa Argungu. Baffanmu ya baza cewa an shanye ni, daga baya ma ya ce a bincika, wataƙila da sanina aka yi kisan. Ni kuma ban manta cewa tun rasuwar shi ke noma fadamar marayun ba. Har maigidana ya fara tambayata inda na tsaya a hanya. Kowa na zargina, ni ma ina zargin kowa, abinci ma sai na ga wanda ya zuba nake ci.

Amma wadda na fi zargi ita ce Inna, mahaifiyarmu. Duk yajin da matar ta yi, Inna ce ke aikawa a dawo da ita, ta ce mata ta yi haƙuri. A raina na yanke cewa ta san komai, son ɗanta ne ya rufe mata ido. Ga kuma kunyar ɗan fari: tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", kuma ba ta sa baki a zancensa. Na je na zayyana mata komai, tana tsintar tsakuwa a shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba. Na taso raina a ɓace. Bayan 'yan makonni da hantsi, sai ga ta a ƙofar gidana da ƙullin kayanta, ta ce in tashi mu tafi Sakkwato. Ban yi murna ba. Na tabbatar wa kaina Baffa ne ya turo ta ta je ta rushe abin da na gina, har muka isa ina satar kallon bakinta.

Aka shigar da mu gaban dattawan kwamitin. Shugabansu ya yi mata ta'aziyya, sannan ya tambaye ta ko ɗanta yana dukan matarsa.  Sai ta ce ita ba ta magana a kan wancan, sun san al'ada. Na ce shi ke nan, an gama da mu. Sai ta zaro hannunta na hagu daga cikin mayafi, hannun nan da wuyansa ya karkace, wanda muka tashi ana ce mana jirgin ruwa ne ya matse shi a bakin gulbi. Ta ɗora shi a kan tebur.

"Hannun ga ba jirgi yak karya shi ba," in ji ta. "Ubansu na. Yaro gida yag gani. Na yahe jinin, ku sako ɗiyar mutane."

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, mutum ne da ake girmamawa, kullum ina yi masa addu'a.  A mota Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba, abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko na bar wanda zai kwashe mini shanya.

Bayan wasu watanni aka saki matar yayana, ta koma ƙauyensu, daga baya aka bar 'ya'yanta suna zuwa wurinta. Gidan Baffa har yau ba sa amsa gaisuwata. Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya, ban samu bakin neman gafararta a kan mugun zaton da na yi mata ba, kuma wannan yana cina har gobe.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana mata da maza shi ne, in kuna da wata a tsare saboda irin wannan, kada ku yanke ƙauna, kada kuma ku ɗauka duk dangin mamaci abokan gaba ne. Wanda ya yi shiru ba lalle mugu ba ne, wani abin da ya sani ne ya yi masa nauyi. In za ku tambayi mace halin da take ciki, ku ja ta gefe inda ba suruki ba baƙo, ku dubi jikinta, kada ku tsaya ga abin da bakinta ya furta. Ni ce ke ƙunsa wa Inna lalle a wannan hannu duk sallah, kuma ban taɓa tambayarta ba.