Manyan Haruffan Kadi

A unguwar Yantala aka haifi Kadi Isaka, amma iyayenta mutanen Tawa ne. Babanta ya yi shekara ashirin da shida yana raba wasiƙu a gidan waya. Ita kuwa ta kai ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, ba ta ci jarrabawar bak ta fita ba, sai ta koyi buga takardu. Ta yi shekara huɗu a wani siber, shagon intanet, kusa da kasuwa, tana buɗe wa mutane akwatin saƙo, tana cike musu takardun dosiye. A nan ta koyi haɗa shafin intanet, a lokutan da ba kowa.

A farkon 2010 ta samu aikin sakatariya a wata ƙungiyar gidaje ta tsofaffin ma'aikata, yawancinsu malaman lekol, wato makaranta, da ma'aikatan lafiya da suka ajiye aiki. Ƙungiyar tana da gidaje a Goudel, tana kuma da filaye a Tondibia da ake raba wa membobi ta hanyar ƙuri'a. Wata guda da kama aikinta soja suka karɓi mulki. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsada, dangi daga ƙauye suna ta sauka a gidajen membobi, har wani ɗakin yakan kwana da mutum takwas. Kowa yana son fili.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Amadou, tsohon sufeton makarantu ne, mutum mai gudun magana. Ba wanda ya hana shi kiran taro, amma ya ce a wannan lokaci bai ga amfanin tara mutum ɗari a wuri ɗaya ba. Ya ce duk sanarwa a sa ta a shafin ƙungiya. Shafin wani kamfani ne ya yi shi shekara biyu kafin nan. Da an buɗe shi hoton Alhaji ne ke fara fitowa, a hankali, daga hula zuwa gemu. Haruffan rubutun ƙanana ne, masu launin toka, da faransanci irin na biro, na takardun ofis.

A watan Afrilu aka yi ƙuri'ar filaye goma sha biyu. Kwana uku bayan nan wani dattijo ya shigo ofis. Malam Garba ne, mutumin Damagaram, wanda ya koyar da lissafi shekara talatin.

"Ƴata, yaushe ne ƙuri'ar Tondibia?"

"An yi ta ran Asabar, Baba. An sa sanarwa a shafi."

"Sau biyu na je siber na duba shafin nan. Ban ga komai ba sai Amadou."

Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya sha ruwa, ya ce mutum tara ne a gidansa yanzu, sannan ya tafi.

Kadi ta buɗe shafin ta nemi sanarwar da ita kanta ta sa. Sai da ta danna wuri huɗu kafin ta kai. Washegari ta roƙi Malam Garba ya dawo, ta zaunar da shi gaban na'urar ofis, ta ce ya nemi ranar taron kwamiti, ita ba za ta ce komai ba. Hannunsa yana rawa, in ya kai kibiyar na'urar kan kalma sai ta zame. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ta rubuta abin da ta gani a kaye, littafin rubutunta.

Cikin mako uku ta yi haka da mutum goma sha ɗaya. Wata tsohuwar ungozoma, Tanti Rabi, ta iya faransanci sarai, amma idonta ɗaya ya yi yana. Ta ce, "Ke dai ki sa lambar tarho babba a sama. In na gaji in kira ki." Wasu matan da mazansu suka rasu suka bar musu gida ba su yi lekol ba, zabarmanci ko hausa kawai suke ji.

Kadi ta kai wa Alhaji Amadou kayen. Ya ce kamfani ne na masana ya yi shafin, kuma baƙi daga waje sun yaba. Ta ce, "Alhaji, ka nemo mini ranar taron kwamiti mai zuwa." Ya zauna, ya gyara tabarau, ya yi ta yawo da kibiya. Can ya ce rana ta yi, ya tashi zuwa masallaci. Da safe ya ce ta yi abin da za ta yi, amma kada a cire hotonsa.

Ta yi aikin a wata biyu, tsakanin ɗaukewar wuta da dawowarta. Shafin farko ya zama fari da baƙin rubutu mai manyan haruffa. Abu uku ne kawai a kansa, kowanne a cikin akwati mai faɗin da hannu mai rawa ba zai kuskure ba: sanarwa, filaye, gyaran gida. Lambar tarho tana sama. Ta rage faransancin zuwa irin wanda ake magana da shi, ta ƙara hausa. Ga kowace sanarwa, Kadi ta ɗauki muryarta tana karanta ta da hausa, Tanti Rabi kuma ta karanta da zabarmanci, gajeru don kada su yi nauyin buɗewa. Hoton Alhaji ta mayar da shi shafin shugabanni, ta ƙara masa girma. Ya duba ya ce ba laifi.

A ƙuri'a ta biyu, a watan Agusta, mutum sittin da huɗu suka zo, a ta farko kuwa ashirin ne. Malam Garba ya samu fili can wajen duwatsu, nesa da kogi. Ya kewaye shi da zana, ya kai dangin nasa. Bai kai ga gini ba, ya rasu a shekarar da ta biyo.

Kadi ta bar ƙungiyar a 2013, ta koma koyar da aikin na'ura a wata cibiyar horo a Yantala, inda take har yanzu. Tana da ƴaƴa uku. Shafin ya ci gaba da aiki wasu shekaru, har wayoyi suka yawaita, sabon kwamiti ya rufe shi ya koma aika saƙon murya a waya. Da aka gaya mata, ta ce hakan ya fi sauƙi. Ta tambaya ko akwai mai karanta saƙon da zabarmanci, aka ce akwai.