Naman da Ke Kiran Jijiya

Shekarar da lauje ya sare ni a wuyan hannun dama, ciyawa nake yankar wa awaki a bayan gari. Aka kai ni Agiye, daga can aka wuce da ni Maraɗi, aka ɗinke. Ciwo ya warke tas. Amma babban yatsa da manuni da na tsakiya sai suka zama kamar na aro. In na tsoma su a ruwan zafi, sai na ga tururi nake sanin da zafi.

Ni ungozoma ce. Rabin mutanen garinmu a hannuna suka faɗo, har da limaminmu na yanzu. Ban taɓa shiga lakol, makarantar boko, ba, amma a da in na ɗora yatsun nan uku a kan ciki, nan take zan faɗi inda kan ɗa yake. Ma'aikatan likita sun san ni. In na turo mace ba sa tsayawa musu.

Jikata, wadda ke rubuta wannan magana daga bakina, tana karatu a jami'a. Da ta zo hutu na tambaye ta me ake koya mata. Ta ce jijiyar ƙuda.

"Wane ƙudan?"

"Ɗan ƙaramin nan, Kaka, mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Tsutsarsa muke buɗewa mu duba."

"Duk wannan boko, ashe fiɗar tsutsa aka tura ki."

"Ke da kike kiwon yatsu uku ba sa aikin komai fa?"

Ni jijiya ɗaya na sani, wadda ke tsinka wa mutum haƙori a cikin nama. Ta ce akwai ta jini, akwai ta ji da motsi, kuma ta biyun ce lauje ya yanke mini. Ta ce a jikin tsutsar, in jijiya ta miƙo ta iso nama, ba ita kaɗai ke aikin ba. Naman yakan fitar da wani abu, kamar saƙo, ya koma wa jijiyar ya ce mata nan ne, ƙara reshe, ki kama. In aka hana naman fitar da shi, jijiyar takan iso, amma mahaɗin sai ya tsumbure, tsutsar ta rasa ƙarfi.

Na ce, "To nawa naman ya yi shiru ke nan."

"Ban sani ba, Kaka. Mutum ba ƙuda ba ne. Taki dai tana tsirowa a hankali daga inda aka ɗinke."

Ta koma makaranta, ni kuwa na riƙe maganar kira. Kowace safiya nakan tura yatsun cikin ƙwaryar gero ina murzawa, ina cewa, "Nan ne, nan ne." Surukata tana ji daga bakin murhu, tana ta girkinta.

Bayan damina biyu ji ya dawo, amma wani iri. In na taɓa manuni sai in ji a babban yatsa. Na gaya wa jikata a waya. Ta ce jijiyar ta iso, sai dai gidan maƙwabci ta shiga. Na tambaya ko tana fita ta nemi nata. Ta ce da wuya.

Wata rana da hantsi matar ɗan ƙanena ta shigo, cikinta ya kai wata tara. Ta kwanta a tabarma ta sassauta zane kamar yadda uwarta ta saba yi mini.

"Iya, duba mini kwanciyarsa."

Na ɗora hannu. Na ji abu mai tauri, amma ban san wane yatsa ke jinsa ba, balle in san kai ne ko ɗuwawu. Na gwada da hagu. Hagu bai taɓa koyon aikin ba. Tana kallon fuskata tana jira. Da na ce mata lafiya lau, da ta yarda, don ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Na ce, "Ɗaura zanenki. Gobe ki sa mijinki ya kai ki likita a haska ki."

"Iya, wani abu kika ji?"

"Ban ji komai ba. Shi ya sa."

Ta ɗaura zanenta, ta yi sallama ta fita. Na yi zaton raina zai ɓaci, na zauna ina jira, bai ɓaci ba. Na naɗe tabarmar na jingine ta a bango.

Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta gama gari. Masu ciki suna shigowa har yau, sai dai gaisuwa muke yi, su tambayi jiki, in ce da sauƙi.