Mataki na Arba'in da Ɗaya

Shekara talatin Jadawali ya yi a ofishin kamfanin bas yana tsara wace mota za ta tashi ƙarfe nawa, har sunansa na yanka ya ɓace. Mutum ne da in ka ce masa "sai an jima" zai tambaye ka minti nawa. Da ya yi ritaya sai ya koma ɗaki biyu a hawa na uku, da fanka mai kuka da kujeru uku, biyu ba mai zama. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a gari mai nisa. Ya gwada tsara wa kansa jadawalin wuni, kafin hantsi ya gama komai.

'Yar ce ta saka masa wasan a kwamfuta. Wani ɗan mutum-mutumi ne a cikin sito, ba ya motsi sai ka rubuta masa umarni layi-layi: ɗauki akwati, juya hagu, in ja ne ajiye, maimaita. Ka yi kuskure, ya doshi bango ya yi ta bugawa ba gardama. Jadawali ya ce tunda yake bai taɓa samun ma'aikaci mai biyayya irin wannan ba, haka ma daƙiƙi.

In ka ci mataki, wasan yakan nuna layi nawa ka kashe, ya jera ka da abokanka. Abokinsa a jerin ɗaya ne tak, Mai Sito, tsohon mai ajiyar kayan gyara na kamfanin, wanda suka yi shekara talatin suna musu kan taya da batir. 'Ya'yansu ƙawaye ne, su suka haɗa su. Tsofaffin ba sa waya da juna, me za su ce? Amma in Jadawali ya ci mataki da layi goma sha takwas, da safe sai ya tarar Mai Sito ya yi da sha bakwai. Ya yi wa allon tsaki, ya dafa shayi, ya zauna. Gaisuwarsu ke nan.

A mataki na arba'in da ɗaya Mai Sito ya daina bayyana. Jadawali ya ce tsoro ne. Bayan mako guda ya rubuta shirme da gangan, layi sittin, don mutumin ya fito ya kunyata shi. Shiru. Ya ci gaba shi kaɗai, shi ne na ɗaya, shi ne na ƙarshe, shayin yana hucewa bai sha ba.

Rana ta goma sha biyu ya hau bas zuwa gidan Mai Sito. Ta yi lattin minti tara, ya lura, babu wanda zai gaya wa.

Uwargidan Mai Sito ta buɗe masa ƙofa, ta shaida masa shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama ya mutu, magana da ƙyar. Kwamfutar na kan tebur an lulluɓe ta da kyalle. Jadawali ya nemi kalmar jaje ya rasa, sai ya ce ya zo ne ya ga ko an gudu.

Mai Sito ya daɗe yana haɗa bakinsa.

"Sittin," ya ce. "'Yata ta nuna mini. Ka ji kunya."

Jadawali ya yaye kyallen, ya jawo kujera. Mai Sito na faɗa, shi yana bugawa, kalma ɗaya sai a jira ta biyu. A layi na biyar Jadawali ya ga juyawa dama ce ta dace, ya buɗe baki.

"Hagu na ce, tsoho. Yi abin da aka sa ka."

Ya buga hagu. Mutum-mutumin ya kwashe akwatunan tsaf da layi goma sha huɗu.

Da ya koma gida da yamma ya kunna tasa kwamfutar, ya tarar an tura shi na biyu. Ya yi tsaki, ya ɗora ruwan shayi, ya duba bas ɗin gobe.