Matar da Na Kora a Ƙofar Fili

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da Madam Rifkatu ta aike ni Tudun Wada neman wata mata da ko sunanta ban sani ba. Farkon dawowar mulkin farar hula ne, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba. Ni ne mai kula da wani filin motsa jiki na gwamnati a Nassarawa GRA, ina mataki na huɗu, wato makulli na hannuna amma magana ba tawa ba ce. Madam Rifkatu, Kirista 'yar Zariya, tsohuwar malamar wasanni, ita ce jami'ar da ke shugabantarmu.

A takarda filin na kowa ne. Sai dai a bakin ƙofa akwai allon doka da muka gada: ba a shiga sai da kayan wasanni da takalmin kambas. Ni kuwa na riƙe allon nan kamar tare aka haife mu. Masu zuwa duk manyan unguwar ne, su ajiye mota, su zaga sau biyu, su zauna hirar siyasa.

Wata safiya wani ya sauke wata dattijuwa a babur, da dogon hijabi da silifa. Ta ce hawan jini gare ta, likita ya umarce ta da tafiyar rabin awa kullum, lungunsu na Tudun Wada kuwa daga kwata sai 'yan acaɓa. Na nuna mata allo. Washegari ta dawo, na sake nuna mata. A rana ta uku ta dube ni, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta juya. Ba ta sake zuwa ba.

Ƙa'idar aikinmu, akwai littafin ƙofa da nake rubuta wanda ya shiga da wanda aka mayar, Madam ta duba duk Litinin. Na miƙa mata ina jiran yabo, don sau uku na rubuta an mayar da mace ɗaya saboda rashin kayan wasa. Ta tambaye ni sunan matar, na ce ban tambaya ba. Ta tambayi abin da ya kawo ta, na faɗa mata, murya ta fara yi mini ƙasa-ƙasa.

"Malam Sani, mara lafiya ka kora har sau uku," in ji ta. "Ba ni makullin. Je ka nemo ta."

Kwana biyu ina bulayi a Tudun Wada. Daga ƙarshe wani mai kemis da ke auna mata jini ya kwatanta mini gidan. Hajiya Ladi sunanta. Ta fito soro muka gaisa, na ba ta haƙuri, na ce shugabarmu na gayyatarta.

"Ai ba laifinka ba ne, Malam," ta ce. "Ni ce na yi karambani. Wurin manya ne."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da na haɗa ta da Allah sannan ta yarda za ta zo.

Ga waɗanda ba su san aikin gwamnati ba, canza doka ko ta layi ɗaya ce sai an rubuta wa darakta, fayil ya bi tebur-tebur, wata da watanni. Madam ta rubuta. Ta nemi a cire sharaɗin kaya, a kuma ware wa mata zalla awa ɗaya da rabi da safe, don ta san a lokacin magidanta da yawa ba za su bar iyalinsu su cuɗanya da maza ba. Har wurin limamin unguwa ta je ta nemi shawara, ya sa albarka.

Amma ba ta jira fayil ba. Ta mayar mini da makulli, ranar Alhamis da sassafe sai ga ta, ita da ba mu taɓa gani ba sai da wandon wasanni, ta ɗaura zani, ta yafa mayafi, ta sa silifa, tana riƙe da hannun Hajiya Ladi.

"Malam Sani, ga mu nan mu biyu babu kambas. In kora za ka yi, fara da ni."

Na buɗe musu ƙofa. Ina tsaye ina kallo suka zaga filin a hankali, Madam na rage sauri don kada Hajiya ta gaji.

Abin bai tafi a banza ba. Wani Alhaji ya kai ƙara cewa an mayar da filin gidan biki, aka ba Madam takardar tuhuma, wadda kan zauna a fayil ɗin ma'aikaci har ya yi ritaya. Ta amsa a shafi ɗaya, washegari ta sake ɗaura zaninta. Kafin amincewar darakta ta iso, mata na zuwa daga Tudun Murtala da Badawa, Hajiya Ladi ce ma ke yi wa sababbi jagora, tana tsokanata wai ga mai gadin da ya fi likita sanin magani.

Ku da kuke riƙe da makullai yanzu, abin da na koya ke nan: in aka kori talaka daga wurin gwamnati, ba ya kai ƙara, komawa gida yake yi ya ce dama ba nasa ba ne. Ban san mutum nawa na mayar a shekarun da na yi kafin zuwan Madam Rifkatu ba. Hajiya Ladi kaɗai aka sa ni na nemo.