Ƙahon da Shitu ya yi wa Labbo

A kasuwar Bukkuyum, wanda bai san Shitu Wanzami ba, to ya san muryarsa. Gajere ne, ga saurin hannu, ga baki kamar rediyo. Abu biyu yake taƙama da su: tsagarsa ba ta wuce misali, kuma bai taɓa haɗiyar ƙwayar asibiti ba. Duk wanda ya zauna masa sai ya sha labarin yadda ƙwaya ke mayar da namiji rago.

Babban abokin cinikinsa Labbo ne, wani dattijon makiyayi. Shekara talatin, duk bazara sai ya zo an cire masa mataccen jini a baya, suna yi suna tsokanar juna.

A bazarar 1984 Labbo ya zo kamar kullum, ya tuɓe riga. Shitu ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Da ya cire, maimakon gudan jini baƙi ya faɗo, sai jini tsararo ya bi bayan Labbo. Ya shafa toka, ya danna da tsumma, jini ya ƙi tsayawa. Karo na farko a tarihin kasuwar aka ji bakin Shitu ya mutu.

Da ya ga idon Labbo na lumshewa, tsoro ya kama shi sosai. Ya bar zabira a nan, ya goya shi sai ɗakin shan magani, inda ya sha rantsuwa ba zai taka ba.

Malam Yusufu mai ba da magani ya ɗaure wurin tamau, ya tambayi Labbo ko yana shan wani abu. Labbo ya laluba aljihu ya fito da ƙwayoyi ƙunshe a leda. Wata uku ke nan da likita a Sakkwato ya ɗora shi a kansu saboda ciwon zuciya. Malam Yusufu ya ce abubuwan da ke sa jini ya daskare sai sun manne a bakin rauni suke aiki, ƙwayar nan kuwa rage musu ƙarfin mannewa take yi. Ya yi masa allura, ya ce sun zo a kan gaɓa.

"Labbo, mi ya hana ka hwaɗa mani?" in ji Shitu.

"Kai ɗin? Shekara talatin kana zagin masu shan ƙwaya. In ce maka ni ma na zama rago?"

Abin ya yi wa Shitu ciwo, don ya gane surutunsa ne ya kusa kashe abokinsa.

Bai daina surutu ba, wannan kam sai kabari. Amma Labbo ya ƙara shekara shida a duniya, duk ranar kasuwa yana zuwa aski, kuma aska ba ta sake taɓa fatarsa ba. Da almakashi Shitu ke rage masa suma a hankali, Labbo na mitar an mai da shi ɗan boko.