Malam Badamasi Baballe da Kwamfutocin da Suka Jira Almakashi

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Badamasi a shekarar 1959 a garin Bunkure. Mahaifinsa Malam Baballe manomin rani ne, sunan mahaifiyarsa Malama Saude. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala firamare a 1973, ya wuce makarantar horon malamai a Kano, inda ya sami shaidar malanta a 1978.

Aiki da Iyali

Ya koyar a ƙauyukan Kura da Bunkure, ya auri Malama Binta a 1983. Da ya yi ritaya a 2013, ƙungiyar manoman rani ta yankinsu ta damƙa masa ɗakin karatunta, inda 'ya'yan manoma ke bitar jarrabawa.

Zuwan Kwamfutoci

Lokacin da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta, yara masu hazaƙa suka riƙa faɗuwa, domin ranar jarrabawar ce ranar farko da suke taɓa na'urar. A 2016 wata ƙungiyar agaji ta ba ɗakin karatun kwamfutoci goma da sola. Malam, da furfurarsa, ya riƙa hawa mota zuwa Kano yana koyon sarrafa su cikin yara sa'o'in 'ya'yansa, ana yi masa dariya bai fasa ba.

Da ya nemi buɗe kwalayen kwamfutocin, kwamitin ƙungiyar manoman ya hana, wai ba a taɓa kayan tallafi sai babban baƙo ya yanke ƙyalle. Aka sa rana, ta faɗa tsakiyar ɗiban tumatir, aka ɗaga. Aka sake sawa, baƙon ya yi tafiya. Daga nan zaɓe ya shigo, kowa ya kama gabansa. Malam ya yi roƙo, ya yi faɗa a taro, aka ce tsufa ne ke damunsa. Abin takaici, a 2019 mutanen nan da suka ce bai dace a taɓa kwali ba, su ne suka jibge buhunan albasa a kan kwalayen, saboda rumbunsu ya cika. Wallahi ko maƙiyin garin ba zai yi musu haka ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2022 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa a Bunkure kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Bayan sadakar arba'in, kwamitin ya kafa rumfa, aka yanke ƙyalle, aka sa wa ɗakin sunansa ba kunya. Da aka buɗe kwalayen gaban baƙi, sai aka tarar ɓeraye sun cinye wayoyin kwamfutocin, ko ɗaya ba ta kama ba.

Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: Mudassiru, Hajara, Saliha, da auta Nasiru, wanda ya faɗi jarrabawar nan sau biyu, yanzu adaidaita yake tuƙawa tsakanin Kura da Bunkure. Allah ya jiƙan Malam.